Kujera, gishiri da barci: abin da na gyara

Aikina na zama ne. Daga safe har yamma ina gaban kwamfuta, in na tashi kuma wata kujerar nake komawa, ta mota ko ta falo. Ba inda ke mini ciwo, sai da aka auna jinina aka ga ya doshi 140 bisa 90, inda daga nan ne ake kiransa hawan jini idan an same shi haka a ranaku biyu daban-daban. Ma'aikaciyar jinyar tana kwance abin awon daga dantsena ta ce, "Malam, ba maganar magani ba ce tukuna. Je ka gyara zamanka da cinka, ka dawo mu sake dubawa." Hawan jini ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan ɗaya ne ke ɗauke da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba.

Da tafiya na fara, don ita ce ba ta buƙatar kaya ko kuɗi. Abin da hukumar ke so ga babban mutum shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, wato in ka yi minti 30 kwana biyar ka cika mafi ƙaranci. Matsakaici kuwa ba yawon shan iska ba ne. Sauri ne wanda za ka iya magana a cikinsa amma ba za ka iya rera waƙa ba. Wani tsohon bincike ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. A 1953 wani likitan Birtaniya, Jeremy Morris, ya kwatanta direbobin bas-bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Da na karanta sai na ga ai ni direban ne, sitiyari kawai na rasa.

Matsalar ita ce lokaci. Duk ranar da na ce "anjima zan fita", ba na fita. Sai na ɗaura tafiyar a kan abin da ba ya wuce ni, wato abincin dare. Takalmina na bakin ƙofa, safa a cikinsa. Ina ajiye cokali sai in sa ƙafa, tun kafin jiki ya mutu, tun kafin in zauna in ce bari in ɗan duba waya. Minti biyar na farko kullum da ƙyar ake yinsu, daga nan ƙafa ta saki, numfashi ya daidaita, gumi ya fara tsattsafowa a ƙeya. Ashe wannan lokacin ma yana da nasa amfanin: bayan cin abinci sukari na hawa a jini, tsoka mai aiki kuma tana zuƙe shi ta ƙona. Nauyin cikin da nake kwana da shi shi ne ya fara tafiya.

Taku 10,000 da wayoyi ke ƙirgawa kuwa ban sa shi a raina ba. Asalin adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a shekarun 1960, ba daga ɗakin bincike ba. Wanda ya tashi daga taku kaɗan zuwa abin da ya fi haka ya riga ya fara cin riba, ko bai kai can ba.

A ofis dabara biyu na yi. Na daina ajiye babbar gorar ruwa a kan tebur, na koma ƙaramin kofi, dole in miƙe in cika shi. Kiran waya kuma a tsaye nake amsawa.

Gishiri ne ya fi ba ni aiki. Ƙa'idar ita ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, alhali yawancin mutanen duniya suna cin kusan ninki biyu na haka. Wata rana na ɗebi cokali ɗayan na zuba a tafin hannuna na tsaya ina kallo. Ɗan tsibi ne da bai rufe tsakiyar tafin ba, kuma wai shi ne rabon wuni guda, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, abincin gwangwani, naman da aka sarrafa da sinadaran ɗanɗano. Wannan ɓoyayyen shi ne ke cin mutum. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, yawan jinin da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Na koyi juya leda in karanta bayanta. Sau da yawa sodiyom, wato sinadarin da ke cikin gishiri, suke rubutawa, ba gishirin kansa ba, sai ka ninka adadin sau biyu da rabi kafin ka ga gishirin da ke ciki. Wasu abubuwan da ko ɗanɗanon gishiri ba su da shi a baki, lissafinsu sai ya ba ka mamaki.

Tukunya ɗaya ake dafawa a gida, don haka sai da muka yi shawara da uwargida. Ita ce ta ce kada a zabge shi lokaci guda, yara za su ture kwano. Aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ana cike gurbin da albasa, tafarnuwa, barkono da lemon tsami, aka kuma ɗauke gishiri daga wurin cin abinci gaba ɗaya. Makonnin farko abinci lami nake jinsa, ba zan ɓoye ba. Amma harshe yana sabawa. Yanzu in na ci abincin waje sai in ji kamar hannun mai girkin ne ya zarce, in kwana ina shan ruwa.

Sukari bai ja ni da nisa ba. Gwangwanin lemo ɗaya yana iya ɗaukar sama da cokali takwas, alhali abin da aka fi so shi ne kada ƙarin sukari ya wuce kusan cokali shida a rana. Na daina sayowa gida. Abin da babu shi a firji ba ka kokawa da shi da tsakar dare.

A ganina barci ne ke riƙe da sauran. Ranar da na yi barcin awa huɗu ko biyar kawai, kwaɗayin zaƙi ke fara kama ni, tafiyar dare kuma sai na ja kaina. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa bakwai. Abu biyu ne ke cinye mini nawa. Na farko kofi da shayin yamma: sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, kenan wanda ka sha ƙarfe biyar na yamma rabinsa na nan ƙarfe goma na dare. Na mai da shansu kafin tsakar rana. Na biyu waya. Ba haskenta kaɗai ba ne, hira da bidiyon da ba sa ƙarewa ne. Na fitar da caja daga ɗakin kwana, na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa. Lokacin tashi kuma na tsayar da shi har ranar hutu, sai lokacin kwanciya ya daidaita da kansa.

Akwai abubuwan da na gwada na watsar. Ƙirga kofunan ruwa bai yi mini ma'ana ba, tunda buƙatar ranar zafi daban take da ta ranar sanyi. Launin fitsari ya fi faɗin gaskiya, in ya yi duhu ruwa ya yi kaɗan. Ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake ta talla kuwa ban ga abin da suka ba ni wanda ganye da 'ya'yan itatuwa ba su bayar ba, su da ake so a ci giram 400 a rana.

Daga baya na sayi na'urar awon jini ta gida. Awon ma yana da ƙa'ida: ka zauna shiru minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da zuciya, ba magana, ba kofi rabin awa kafin nan. Ina rubuta sakamakon a ɗan littafi in kai asibiti. Nawa ya sauka har ba a kai ga magani ba, amma wani abokin aikina da ya bi irin wannan tsarin sai da aka ɗora shi a kan ƙwaya, don gado da shekaru ma suna da hannu a ciki. Yana shan maganinsa, muna tafiyarmu tare wasu ranakun.

Abin da ya rage mini shi ne atisayen ƙarfafa tsoka, wanda ake so a yi kwana biyu a mako. Har yanzu ban samo abin da zan ɗaura shi a kai ba. A wannan watan ina gwada tsugunno da miƙewa sau goma kafin wankan safe.