Idan mutum uku na gida ɗaya suka kwanta asibiti

A Markus sura 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye guda zuwa wurin Yesu a Kafarnahum, har suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. To yaya ke nan idan lissafin ya juye? Baba yana ɗakin maza da shanyewar ɓarin jiki, Mama tana ɗakin mata sukari ya hau, auta kuma yana ɗakin yara ana masa ƙarin jini, mai lafiyar da ya rage a gidan bai wuce mutum ɗaya ko biyu ba. Hakan na faruwa bayan hatsarin mota, ko da damina, ko kuma haka kawai cututtuka su zo a jere.

Kuskuren farko da masu bi kan yi shi ne su yi shiru, suna ganin faɗa wa mutane kamar raunin bangaskiya ne. Yakubu 5:14 kuwa ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya, wato daga gidan mara lafiya kiran zai fito, ba a zauna ana jiran fasto ya ji a bakin wani ba. A kira shi tun ranar farko. Kuma kada a tsaya a "ku sa mu a addu'a". A faɗi buƙata da sunanta: kowane mara lafiya yana son masu jinya biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, mace ce za ta kwana a ɗakin mata, ana son mai babur da zai riƙa kai jini ɗakin gwaji ya karɓo sakamako, ana son abinci sau uku. Zumuntar mata sun iya wannan aiki fiye da kowa idan an ba su jadawali mai sunan kowa da ranarta. Idan ba a ba su ba, kula biyar za ta iso ran Lahadi, ran Laraba kuwa ko kunu babu. Matasa su je a gwada jininsu tun kafin likita ya nema, domin asibitocinmu da yawa sai an kawo mai bayarwa. Mai bayarwa ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma ya ci abinci kafin ya je. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle jinka uku.

Kowane mara lafiya a saya masa ɗan littafin rubutu nasa, da ledar magani tasa da sunansa a jiki. A rubuta abin da likitoci suka ce a zagayen safe, da lokacin da aka sha kowane magani, da gwajin da ake jira. Mai jinyar dare ya miƙa wa na rana hannu da hannu. Inda babu wannan, a nan ake ba Baba maganin Mama, ko a sayi allura ɗaya sau biyu. Kuɗi kuma a hannun mutum ɗaya, shi ke tara rasit, shi ke karɓar taimakon ikilisiya ya rubuta. Zumunci da yawa ya lalace bayan sallama a kan kuɗin da babu wanda ya san inda ya shiga. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin jama'a, zuwa can neman sauƙi ba abin kunya ba ne.

Akwai maganar da ba ta rasa fitowa idan ciwo ya kama mutum uku a gida ɗaya: "Wannan ba banza ba, da hannun mutum." Daga nan sai a fara kallon wata tsohuwa ko wata suruka, wani kuma ya ce zunubin gidan ne ya biyo su. Da almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wane ne ya sa aka haifi mutumin nan makaho, a Yohanna sura 9, ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Wannan amsa ta ishi mai bi. Tambayar da ta kamata ita ce me suka ci tare, me suka sha, ina suka kwana. Rijiya ɗaya tana iya kawo taifot ko amai da gudawa. Janareta a kusa da taga yana sa ciwon kai da suma ga duk wanda ke ɗakin. Ɓera a rumbu yana kawo zazzaɓin Lassa, musamman da rani, kuma mai jinya na iya ɗauka. Don haka a gaya wa likitan kowannensu cewa akwai wasu 'yan gidan a kwance, domin likitan yara ba lallai ya san abin da ke ɗakin maza ba. Mai yawo tsakanin ɗakuna kuwa ya wanke hannu da sabulu duk shiga duk fita.

Azumi abu ne mai kyau, amma ba na mai jinya ba ne a irin wannan mako, balle mara lafiya. Mai ciwon sukari da aka yi wa allurar insulin bai ci ba, sukarinsa zai faɗi, ya fara gumi da rawar jiki, har ya suma. Mai jinya da ke juya Baba duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo yana buƙatar ƙarfi. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa wa'azi ba; ya tashe shi sau biyu ya ci gurasa ya sha ruwa, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. A bar wa waɗanda suke gida su ɗauki azumin. Haka ma duk wanda ya ce a ajiye magani don a nuna bangaskiya, a gode masa a sallame shi. Annabi Ishaya, wanda ya kawo wa Sarki Hezekiya albishirin ƙarin shekara 15 a rayuwarsa, shi ne kuma ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun da ya kwantar da sarkin. Maganin hawan jini ba a yanke shi don mutum ya ji sauƙi, na tarin fuka kuma sai ya cika wata shida aƙalla.

Shafa mai yana cikin Littafi, amma ɗigo ɗaya a goshi ya wadatar. Kada ya taɓa ɗinki, ko rauni, ko inda aka sa allurar ƙarin ruwa. Wanda bai farfaɗo ba, ko mai shanyewar da haɗiya ke masa wuya, ba a zuba masa komai a baki, ko ruwan da aka yi wa addu'a ne, domin huhu zai shiga. Jibin Ubangiji ma a tambayi nas tukuna idan an hana mutum ci saboda tiyata.

Addu'ar bakin gado ta zama gajera, da murya ƙasa. Mutum biyu ko uku, minti goma. A gadon kusa akwai wanda bai runtsa ba tun jiya, wataƙila Musulmi ne, a yi masa sannu, in abinci ya isa a miƙa masa. Zabura 121 aya takwas ce kawai, Zabura 23 aya shida, mai jinya zai iya karanta su a hankali kafin ruwan leda ya sauka ɗan yatsa. Ranar da bakinsa ya ƙi yabo, akwai Zabura 13 mai tambayar "har yaushe", akwai ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu, kuma dukansu addu'a ne. Ranar da ko wannan ya gagara, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Masu ziyara su tuna abokan Ayuba: kwana bakwai da suka yi shiru tare da shi ya fi dukan jawabinsu amfani.

Abin da ya fi wuya shi ne Mama ta tambayi jikin Baba alhali ya yi tsanani. Ni dai ban yarda da "ya warke, gobe za a sallame shi" ba, domin ranar da gaskiya ta fito ba za ta ƙara yarda da bakin kowa ba. A ce mata, "Mama, jikin ya matsa, likitoci suna kansa, zo mu yi masa addu'a." Dangi su zaɓi mutum ɗaya mai ba da labari, sauran su kama bakinsu, kuma kada a sa hoton mara lafiya a WhatsApp, domin wayar tana iya kaiwa hannunta. In kuma Ubangiji ya kira ɗaya gida, a fara shawara da likitan wadda ta rage a kan lokacin da jikinta zai iya ɗauka. A je da safe bayan ta ci abinci ta sha magani, fasto da ɗanta ko 'yarta a gefenta, nas tana kusa da abin awon jini, a ja labule, wani kuma ya zauna da ita har dare.