Godiya bayan taron tunawa da Thomas Sankara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, taron tunawa da Kyaftin Thomas Sankara na Burkina Faso da muka yi ranar 15 ga Oktoba ya tashi lafiya, kuma mun gode wa duk wanda ya baro harkokinsa ya zo.

Godiyar farko ta malaminmu ce da ya gabatar da lacca. Yawancin samarinmu jar hular Sankara kawai suka sani a hotunan Facebook, sai Malam ya warware musu aikin mutumin dalla-dalla. Shekara huɗu kacal ya yi yana mulki, daga 1983 zuwa 1987, amma a 1984 an yi wa yara sama da miliyan biyu rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara cikin 'yan makonni. An dasa miliyoyin itatuwa don tare hamada, an haramta auren dole, an sayar da motocin Marsandi na gwamnati, ministoci suka koma ƙaramar Renault 5. Da Malam ya iso kan jawabin Adis Ababa na Yulin 1987, inda Sankara ya nemi shugabannin Afirka su haɗa kai su ƙi biyan bashin ƙasashen waje, har masu tsaye a bakin taga sun bar hira. Ba a cika wata uku da wannan jawabi ba aka harbe Sankara a Wagadugu tare da mutum 12, kuma sai a 2022 kotu ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya karɓe mulki bayan Sankara, ɗaurin rai da rai kan kisan, shi ma a bayan idonsa.

Baba, tsohon malamin makarantar da ya miƙe da sandarsa ya tuna mana yadda gwamnatin Sankara ta kori malamai masu yajin aiki a 1984, mun gode ƙwarai. Wasu sun ji zafin maganar, amma gaskiya ce, kuma a ganina ita ta ƙara wa taron daraja.

Baƙinmu 'yan Burkina da suka zo sanye da saƙin faso dan fani sun ƙawata wurin. Iyayenmu mata da suka kawo kunu da ƙosai, da masu aron kujeru da lasifika da janareta, Allah ya saka da alheri.

Waɗanda suka karɓi dashen darbejiya, don Allah a kewaye shi da ƙaya saboda awaki, a kuma riƙa ba shi ruwa tunda damina ta wuce.