Gado ko haye

Asabar. Tun jiya na yi wa Baffa alkawarin kai shi a duba masa ido. Ƙarfe takwas na isa, na tarar har ya fito da kujerarsa ƙofar gida, sanda a tsakanin gwiwoyi. Auta ta so ta biyo mu, Inna ta ce wanki na jiranta.

Cunkoso ya riƙe mu wajen gada, sai na kunna abin da ya hana ni sakat tun Litinin, wato Do Hollywood, kundin waƙoƙi na farko na ƙungiyar The Lemon Twigs. Na rage murya sosai don kada in dame shi. Da muka zo kan "These Words", daidai inda muryoyin ke haɗuwa su ɗaga amshi, na ga yatsansa yana bugun kan sanda.

"Ƙara murya," in ji shi.

Na ƙara. Ya saurara har ta ƙare, sannan ya ce, "Wannan ba Beatles ba ne, amma unguwarsu ɗaya. Lokacin da muke karatu a Zariya akwai wani a ɗakinmu mai garmaho, irin wannan yake ɗora mana da dare. Ina ka samo tsohon faifai haka?"

Daɗi ya kama ni. Na ce, "Baffa, ai ba tsoho ba ne. A Oktoban 2016 ya fito. Wa da ƙane ne, Brian da Michael D'Addario, 'yan Long Island a jihar New York. Lokacin babban shekararsa 19, ƙaramin 17."

Yatsan ya tsaya. Ya juya yana kallon masu tallan ruwa ta taga.

"Ashe yara ne suka shiga akwatin kakanninsu. Beatles sun watse tun 1970, ko iyayen waɗannan ba su gama wayo ba. Kayan aro ai ba ya rufe katara."

Ban san abin zai sosa min rai haka ba. Na shiga kare su kamar ƙannena. Na ce su suka rubuta waƙoƙin nan goma, su suka kaɗa yawancin kayan da kunne ke ji, ganguna da jita da fiyano. A wancan lokacin, idan suna wasa a dandali, wan ya yi nasa waƙoƙin ƙanen na kan ganguna, sai su yi musanyar wuri. Jonathan Rado na ƙungiyar Foxygen ne ya naɗi waƙoƙin a Los Angeles, kamfanin 4AD na Ingila ya fitar. Duk wannan Baffa bai ko gyaɗa kai ba. Sai da na ce mahaifinsu, Ronnie D'Addario, shi ma mawaƙi ne mai rubuta nasa, a cikin kiɗa suka buɗe ido.

Nan take ya saki fuska. "To ka ce 'yan gado ne mana! Da ka faɗa tun farko. Mayar min da ita."

Na mayar. Amma abin ya tsaya min a wuya. Waƙar dai ita ce, ko ɗigo ba a canza ba. Minti biyar da suka wuce kayan aro ce, yanzu ta zama halak malak don kawai an ji sana'ar uba. Na daure na ce, "Baffa, to Shata fa? Kun sha gaya mana mahaifinsa ba makaɗi ba ne, bai ma so ya yi waƙa ba. Ai haye ya yi, kuma wa ya kama ƙafarsa?"

Ya yi shiru har muka wuce shataletale. Na ɗauka na kayar da shi. Sai ya ce, a hankali, ba tare da ya kalle ni ba:

"Shata da nasa ya zo. Kai kuma da kake ta haƙilo a kan gadon 'ya'yan wasu, ina kaset-kaset ɗin babanka?"

Ban ce komai ba. Shi ma bai ƙara ba.

Asibiti: layi, kati, maganin ɗigawa safe da yamma, a dawo bayan mako biyu. A hanyar dawowa ya yi barci. Na saya wa Inna manja da ta aike ni. Wuta ta zo ƙarfe huɗu, ta koma kafin la'asar sakaliya.

Bayan isha'i na ɗauki tocila na shiga sito. Kwalin yana nan ƙarƙashin tsohuwar katifa, inda na tura shi shekarar da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Damina ta taɓa gindinsa, ya yi laushi. Da na buɗe, warin raɓa ya bugi hancina. Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗanƙwairo, duk da rubutun Baba da shuɗin biro a jikin takarda, wasu har da ranar da ya saya. Guda ɗaya zarenta ya zubo waje ya cukuikuye. Na zura biro a ramin ina juyawa kamar yadda yake yi a tabarma bayan sallar magariba, zaren yana komawa ciki kaɗan-kaɗan. Hannuna ya tuna abin da ni na manta.

Na zauna a kan buhun masara na sa "How Lucky Am I?" a kunne. Fiyano ne kawai da muryoyi, ba hayaniya. Har yanzu ban yarda kayan aro ba ne. Kundin yana da ɗoki irin na yara, wata waƙar sai ta sauya taki sau biyu sau uku kamar mai son baje duk hajarsa a kasuwa ɗaya, "Haroomata" ma har jiri take sa ni. Amma wanda ya ari riga yakan yi ta kaffa-kaffa da ita. Waɗannan kuwa gudu suke yi a ciki, suna birgima. Sun saurari faifan gidansu har ya zama bakinsu. Ni na uban nawa katifa na ɗora masa.

Na ƙirga, kaset 43. Babu rediyo mai cin kaset ko ɗaya a gidan nan. Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa wajen mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, ko yana da wadda ke aiki. Kwalin na ɗauko shi, yana gefen gadona.