Yaron da na hana sukudireba

Jiya yaron da na koya wa gyaran waya ya zo ya durƙusa ya ce, "Oga, na kama shago." Wallahi sai da idona ya ciko.

Shekara 3 ke nan da mahaifiyarsa ta kawo shi rumfata a kasuwar Farm Centre, nan Kano. Ya gama sakandare, ba aikin fari ba na baƙi, kullum majalisa. Wata biyun farko ko sukudireba ban ba shi ba, sai shara da aike da kallon yadda nake karɓar mai waya. Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa kwana huɗu. Da ya dawo na ce, "Ɗana, amana ake ba ka, hotunan iyalin mutum na cikin wayar nan." Ranar da ya fara canza gilashi hannunsa na rawa, ya fasa. Na biya, na miƙa masa wani.

Yana min ciwo yadda wasu iyayen gida ke ɓoye sana'a, wai kar yaro ya ƙwace musu ciniki. Shi kuwa har ya ɗauki ƙanwarsa yana koya mata. Allah ya sa albarka.