Shafin Hagu da Shafin Dama

A shekararmu ta uku a sashen nazarin ƙasa da duwatsu, wato jiyoloji, aka kwashe mu a motar makaranta zuwa Filato don aikin fili na mako uku. Ba zan ɓoye ba, ni yawon buɗe ido na tafi. Na sayi takalmin hawan dutse a gwanjon Ƙofar Wambai, na ari jakar goyo, ina ta lissafin hotunan da zan ɗora a Facebook riƙe da guduma a kan tsauni. Bakano ne ni, iyakar dutsen da na sani Dala da Gwauron Dutse, waɗanda mutum zai hau bayan la'asar ya sauko ya sami jam'in magariba.

Watan Janairu ne. Daren farko a masaukinmu kusa da Bukuru, sanyi yana neman tsinke mana yatsu, Malam ya sa kowa ya fito da littafinsa na fili. Ya ce shafin hagu na abin da ido ya gani ne, ko hannu ya taɓa, ko ma'auni ya nuna. Shafin dama kuma na abin da kake zato. Duk wanda ya gauraya su zai sake aikin ranar. Muka dubi juna muna murmushi, wai a ce ɗalibin jami'a sai an koya masa inda zai yi rubutu.

Washegari ni aka fara kamawa. Mun tsaya a wani fako, na fasa dutse, na rubuta "giranayit" a hagu da gadara. Malam ya karɓi littafin ya duba.

"Shi dutsen ne ya gaya maka sunansa?"

"A'a, Malam, amma ai ga shi nan a fili."

"Me ke nan a fili?"

Sai da na tsuguna da madubin ƙara girma na rubuta launinsa, da girman ƙwayoyinsa, da baƙin ma'adinin da ke ɓarewa falle-falle in an sa farce, da inda tsagar dutsen ta fuskanta a kamfas. Sannan ya ce to yanzu in tsallaka dama in sa masa suna. Sunan da na sa da farko daidai ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na ɗauka ƙeta ce irin ta malamai.

Duwatsun wannan yanki su ne muke kira ƙananan giranayit a aji, don sun zo daga baya, sun ɓullo ta cikin tsohon dutsen da ya riga su da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Jerinsu ya taso tun daga Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya shigo Najeriya ta Riruwai har Jos da kudu da ita, kuma duk sa'ad da aka yi kudu shekarunsu raguwa suke. A jikinsu kuza take. Ruwa da rana suka ci dutsen, kuzar ta zubo, da yake nauyinta ya ninka na yashi fiye da sau biyu sai ta kwanta a gindin koramu. Wasu koramun na dā ƙasa ta binne su, wasu ma aman wuta ya rufe. Yawancin haƙar da aka yi a tudun nan, neman waɗannan matattun koramu ne. Wannan na haddace shi tun a aji. Abin da ban sani ba shi ne yadda neman ya bar ƙasar.

Mu shida ne a rukuninmu, aka ba mu yankin da za mu zana taswirarsa, mai unguwa kuma ya haɗa mu da wani dattijo ya riƙa yi mana jagora. Baba muke ce masa. Ya yi helma a ATMN, kamfanin haƙar kuza na Turawa, ya ce kuma mahaifinsa ɗiban gwamna ne ya kawo shi daga ƙasar Katsina bai sake komawa ba. Wannan ɗiban kuwa a 1942 aka fara shi, bayan Japan ta ƙwace Malaya, ƙasar da Turawa suke samun mafi yawan kuzarsu, daga hannun Ingila. Aka riƙa tilasta wa sarakuna su turo lebura daga lardunan Arewa har zuwa 1944, mutane da yawa suka mutu da sanyi da cuta. Na karanta wannan a layi biyu don jarrabawa. A bakin Baba kuwa labarin bargo ne da bai ishi mutum biyu ba, da tuwon da ba ya kai dare.

Baba ba ya son a ce Bature ne ya gano kuza. Ya ce kafin a san Bature, mutanen Riruwai da na Riruwen Dalma suna narka ta su zuba ta siri-siri kamar tsinke su kai kasuwa, kuma waɗannan tsinkayen Bature ya gani ya biyo sawu. A nan littafi yana bayansa. Ya nuna mana inda ya ce tsohon layin dogon nan siriri ya bi, wanda ya taso daga Zariya ya iso Bukuru a 1914 aka rufe shi a 1957. Da muka tambaye shi yaushe aiki ya mutu, bai ba mu shekara ba, ya ce lokacin da injuna suka yi shiru har aka fara jin kukan kwaɗi da rana. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, amma kafin nan ma abin ya daɗe yana ja da baya.

Duk da haka, kwana uku na farko ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Muna da taswira, muna da kamfas, muna da waya mai nuna inda kake. Shi kuwa sanda ce da shi da hular sanyi, ga tafiyar hawainiya. In mun nufi wani tudu kai tsaye sai ya yi ta kewaye da mu, mu kuwa muna gunaguni a baya da Turanci don kada ya ji. Ashe yana ji, shekara nawa ya yi da Turawa.

Rana ta huɗu na gaji. Ga dutsen da muke nema can, bai fi taku ɗari biyu ba, tsakaninmu da shi fili ne shimfiɗe da busasshiyar ciyawa har ƙugu. Na ce ni dai zan yanke. Na yi taku kamar talatin sai na ji tsawa a bayana, muryar da ban san tsohon yana da ita ba.

"Kai yaro! Tsaya nan inda kake!"

Ya zo a hankali yana dukan ƙasa da sanda, ya wuce ni da taku uku, ya ture ciyawa gefe. Baki ne na rami, faɗinsa bai kai na rijiyar gida ba. Ya ɗauki dutse ya saki. Na daɗe ina jira kafin na ji "ɓul" can ƙasa.

Loto ke nan. Masu haƙa da hannu suna nutsa rami a tsaye har su taras da tsakuwar da kuza take ciki, sannan su yi ta bin ta a kwance ta ƙarƙashi, ana jawo ƙasa da bokiti da igiya. In ta ƙare a bar shi a buɗe a matsa gaba. Baba ya nuna mana wasu guda biyar a wannan filin da na kira shimfiɗaɗɗe. Babu ko ɗaya a taswirarmu, don an zana ta tun kafin a haƙa su. Ya ce shanun Fulani sun sha faɗawa, kuma ba shanu kaɗai ba.

Da dare na zo rubutu, hannuna bai gama daina rawa ba. Na fara rubuta "fili" a hagu, sai na tsaya. Ban ga fili ba. Ciyawa na gani. Filin a kaina yake, na shafin dama ne, kuma saura taku uku ya kai ni lahira.

Tun daga ranar Baba ke gaba muna baya kamar 'yan tsaki. Da ɗan gari akan ci gari, kowa ya san karin maganar, amma sai ka ga mai digiri ya manta da ita da zarar an miƙa masa na'ura. Wata rana muka sami wani tsohon rami da ya shiga jikin gangare a kwance, bakinsa ya isa mutum ya shiga a sunkuye. Samari suka ɗau zumuɗi, kowa ya kunna tocilan. Baba ya hana. Ya sa aka samo fitilar ƙwai, ya ɗaura ta a doguwar gora ya zura ta ciki ƙasa-ƙasa. Muna kallo harshen wutar ya yi ja, ya ƙanƙance, ya mutu. Ya ce, "Abin da ya kashe ta, shi yake jiranku." A aji an koya mana cewa iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ta fi iskar sarari nauyi, tana kwanciya a rami ta kori mai amfani, ba ta da launi ba ta da wari. Mu shida duk mun ci wannan tambayar a jarrabawa, kuma mu shida muna shirin shiga. Da muka ba Malam labari ya ƙara da cewa ko fitilar ma kada mu sakankance da ita, domin hayaƙin injin ban ruwa da ake sakawa a rami yana iya kashe mutum alhali wuta tana ci lafiya lau.

Hawan duwatsun Shere, wanda na zo dominsa, shi ya fi komai ƙarancin labari. Ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, nan ne mafi tsayi a tudun Jos, kuma a gindinsu makarantar horar da 'yan Man O' War take. Malam ya yanka mana ƙa'ida tun a ƙasa, ƙarfe biyu na yi a juyo, ko an kai ko ba a kai ba. Sau uku muna ganin ƙololuwa, in mun hau sai mu tarar da wata a bayanta. Hazo ya rufe gari, ruwan sha ya ƙare, cajin wayata ya mutu. Ƙarfe biyu ta yi, muka juyo ba mu kai ba, ina ta cika ina batsewa. A saukowa duk duwatsun suka zama iri ɗaya, kowa yana rantsuwa ta nan muka biyo. Wata 'yar ajinmu da muke yi wa tsiyar yawan rubutu ita ce ta rubuta kusurwar kamfas da yawan taku a kowace kwana. Da littafinta muka sauko. Hoton da na ci buri ban samu ba.

Yanzu aikina nemo wa mutane inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Mai gida zai tsare ni ya ce, "Injiniya, akwai ruwa ko babu?" Amsa ɗaya yake so, kuma ya biya kuɗi. Na'urata ba ta ganin ruwa, abin da take aunawa shi ne yadda ƙasa take barin lantarki ya ratsa ta, kuma yumɓu yana iya ba da lamba mai kama da ta ruwa. Sai in ce masa ga abin da na auna, ga kuma abin da nake kyautata zato. Wasu ba sa jin daɗi, sun fi son wanda zai bugi ƙirji. Na rasa ayyuka a kan haka, kuma ba zan ce ban taɓa jin kwaɗayin bugun ƙirjin ba, musamman a ƙarshen wata.

Aikinmu na ƙarshe a Filato a kan ruwa muka yi shi. Manyan ramukan da injunan kamfanoni suka bari sun cika da ruwa, mutanen wurin suna ce musu dam. Suna da yawa tsakanin Bukuru da Rayfil da Barikin Ladi, wasu ana noman rani a bakinsu, dankalin Turawa da kabeji da karas. Kyau kam suna da shi, ruwa kore shar, ko motsi ba ya yi, ga tulin jar ƙasa kewaye. Malam ya ce mu auno zurfin wanda ya faɗo a yankinmu. Na tsaya a baki ina hango tsakuwa a ƙarƙashin ruwa, na ce wa abokina wannan ai bai fi tsayin mutum biyu ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Wani masunci ya yarda ya shiga da mu biyu a kwalekwalensa. Ban taɓa shiga ba. Ina sa ƙafa jirgin ya yi gefe, ya ce in zauna a tsakiya, a ƙasa, kada in kama baki, kada kuma in miƙe ko me ya faru. Ya tambaya ko mun iya ruwa, muka ce a'a. Ya ɗaura wa kowannenmu jarka babu komai a ciki, ya ce ko wanda ya iya ma dam ba kogi ba ne. Gefensa a tsaye yake kamar bango, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, kuma ruwan ƙasa sanyinsa yana ɗaure jijiya. Baba yana zaune a kan tudu yana kallonmu, ya ƙi shiga, ya ce shi ya ga ramin tun babu ruwa a ciki.

Igiyarmu mita 15 ce, mun yi mata ƙulli a kowace mita, muka ɗaura dutse a bakinta. Kusa da gaɓa ƙulli biyu suka nutse dutsen ya zauna. Masuncin ya ja filafili sau huɗu ko biyar, na sake saki. Biyar, takwas, goma sha biyu. Ƙullin ƙarshe ya zo hannuna, na miƙa hannu har ruwa ya taɓa gwiwar hannuna, igiyar tana nan a miƙe da nauyinta. Muka gwada wuri uku a tsakiya, duk haka.

A kan gaɓa abokina ya ce mu rubuta mita 20 mu huta, wa zai zo ya auna. Na tambayi Baba ko ya tuna zurfinsa. Ya yi shiru, ya ce shi dai ya san in mutum yana ƙasa, waɗanda ke sama kamar yara yake ganinsu. Na rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta. A hagu na sa: igiya mita 15, wuri uku, ba ta taɓa ƙasa ba. Da Malam ya zo dubawa da dare ya ɗora yatsa a shafin dama, ya ga babu komai, ya ɗago ya dube ni.

"Ina zurfin?"

"Ban sani ba, Malam. Igiyar ce ta ƙare."

Ya sa hannu a ƙasan shafin, ya miƙo mini littafin, ya ce na gaba ya kawo nasa.