Asabar: na buɗe cikin tsofaffin sifikunmu

Yau dai na yi abin da na daɗe ina ɗagawa. Bayan karin kumallo na shimfiɗa tabarma a falo, na kwantar da sifikun nan biyu da marigayi Baba ya bari, na kwance su. Ƙirar Japan ne, akwatin katako mai nauyi, kowanne da wufa (babban bakin da ke fitar da sauti mai kauri) a ƙasa da tuwita (ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti) a sama. Tun bara na lura na hagu ya dushe. Bes, wato sauti mai kauri, na nan daram, amma sautin sama kamar an lulluɓe shi da bargo. Ƙanena cewa ya yi in zubar da su in sayi na bulutut, ni kuwa zuciyata ba ta ba ni ba.

Da na zare wufa na ture audugar ciki, sai ga kurosoba, mai raba sauti tsakanin wufa da tuwita, manne da bangon baya: ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da naɗin wayar tagulla, da farar rezista mai rage ƙarfin wuta, da kafasito baƙi mai rubutun 4.7 maikurofarad (ma'aunin girmansa ke nan). Waɗannan ukun su ke rabon aiki. Naɗin tagulla yana tare siririn sauti kada ya shiga wufa, kafasito kuma yana tare mai kauri kada ya kai ga tuwita ya ƙona ta. Kafin in taɓa komai na ɗauki hoto da waya, na naɗa salatif a jar waya, domin in aka juya wayoyin tuwita sautin tsakiya kan rame.

Na cire kafasito biyun na hau adaidaita zuwa Sabon Gari, wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da Baba ke kai wa aiki tun muna yara. Ya ɗora su a mita. Na dama ya nuna 4.5, na hagu 3.4.

"Ka gani ko, ɗana? Ruwan cikinsa ne ya bushe," in ji shi. "Zafin Kano ba ya barin irin waɗannan."

Gaskiyarsa. Irin wannan kafasito da ruwan sinadari yake aiki, shekaru da zafi suna ƙafar da shi a hankali. Na yi lissafi a bayan takardar rasit: a tuwita mai om 8 (om ma'aunin turjiya ga wutar lantarki ne), kafasito 4.7 yana fara buɗe hanya ne a wajen haz 4,200 (haz ma'aunin sirantar sauti ne). In ya sauka 3.4, sai iyakar ta haura kusan 5,900. Wato akwai wani yanki na sauti da wufa ta riga ta saki, tuwita kuma ba ta karɓa ba. Dushewar da kunnena ke ji ke nan, ba tsufan takardar sifika ba ne.

Na ce, "Malam, in saka wanda ya fi girma mana, ko sautin zai ƙara fitowa?"

Ya girgiza kai. "Kada ka soma. Wanda ya ƙera ta ya auna kafin ya rubuta lambar. Canza irin, bar lambar."

Wannan magana ta zauna mini. Na sha karanta masu cewa a tsige komai a sa kaya masu tsadar gaske, ban yarda da su ba. Naɗin tagulla ba ya tsufa, in dai bai ƙone ba. Rezistata ma mita ta nuna lafiyarta lau. Don me zan taɓa su?

Abin da muke nema shi ne kafasito na leda, wanda babu ruwa a cikinsa. Mun zaga rumfuna, ba a sami 4.7 ba. Wani yaron shago ya miƙo mini mai alamar ƙari da ragi a jiki, Malam ya mayar masa: wancan na wutar da ke bin hanya ɗaya ne, sauti kuwa kai-komo yake yi. Daga ƙarshe dabarar tsohon hannu ta fitar da mu. Ya ɗauko 2.2 na leda, ya haɗa da kafasiton fankar sama mai 2.5, wanda shi ma na leda ne. In aka jera su kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa, lambobinsu haɗuwa suke yi, 4.7 cif. Ya yi ta aunawa har ya tsamo haɗi biyu da suka yi daidai da juna. Ya kuma ƙara mini ƙananan rezista masu rabin om, ya ce na leda ba ya riƙe wuta kamar tsohon, in tuwita ta yi kaifi in jona mata.

Na dawo bayan la'asar, na tarar da wuta, alhamdulillahi. Liƙin dalma bai ɗau lokaci ba. Abin da ya ci lokaci shi ne neman wuri, don sababbin sun ninka tsohon girma. Na ɗaure su da igiyar roba a jikin allon, na ɗiga gam don kada su yi karkarwa in bes ya buga, na mayar da audugar yadda na same ta, na ɗaure kusoshin wufa a hankali har iska ta daina fita ta gefe.

Bayan isha'i na fara da karatun Alƙur'ani, domin shi kunnena ya fi sani. Harafin sin da na sad suka fito a rarrabe, muryar ta tsaya a tsakiyar ɗaki maimakon ta karkata dama. Daga nan na sa kiɗan kalangu da kukuma. Na ji bugun sanda a kan fata kafin amon ya biyo, abin da na manta yana cikin faifan. Uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Sabo ka sayo ne?"

Bes bai canza ba, kuma ban sa ran zai canza ba. Kukumar dai ta ɗan yi mini tsini in na ƙara murya. Gobe in Allah ya kai mu zan jona rabin om ɗin a ta hagu kaɗai, in saurari biyun a jere kafin in yanke shawara.