Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Aka Kai Mu Boko

Makon jiya na tsaya a inda aka kwaso mu daga ruga aka zuba a firamare, shekarar UPE, wato shirin ilimin firamare ga kowa, 1976. Baffa bai so ba, mai gari ne ya matsa.

Malaminmu bai taɓa kiran sunana ba, "kai ɗan daji" kawai yake cewa. Laifina Hausata ba ta nuna ba, rigata kuma tana warin nono. Alhali a lokacin ni kaɗai nake kora shanu fadamar Rima. Na san kowace saniya da uwarta, in ɗaya ta ɓace tun ban ƙirga ba nake ganewa. Daga nesa ina bambance Gudali da Rahaji. In Baffa ya kai bijimi Kara, ni ke riƙe masa lissafin ciniki da ka. Amma a aji wai ban iya biyu da biyu ba, don da Turanci aka tambaye ni.

Da na kai ƙara gida, Baffa bai ko ɗago daga ɗaurin maruƙa ba. Ya ce, "Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba."

Abin da ya fi ci mini rai har yau, wannan malamin ne ya rubuta mana jihadin 1804 a allo. Bai taɓa faɗa mana Shehu ya yi waƙoƙi da Fulatanci ba, yaren da ake yi mini dariya a kansa. Goggo, wadda ba ta san ƙofar aji ba, tana rera waƙoƙin Nana Asma'u tana kaɗa nono. Wurin wata jaji ta koya, wato malama cikin 'Yan Taru, ƙungiyar koyar da mata da Nana Asma'u ta kafa. Ga Hubbaren Shehu nan cikin garin Sakkwato, babu wanda ya kai mu.

Bayan an kafa hukumar ilimin makiyaya a 1989 aka tura ni koyarwa a wata ruga. Da maruƙa na fara musu lissafi, da yarensu. Wani sufeto ya ce ba haka tsari ya ce ba. Gajere da kunama dai.

Shi malamin na gan shi a Kara, ya tsufa, zai sayi bijimi mai ciwon ƙafa bai lura ba. Na nuna masa. Ya ce, "Wanga yaro, ina na san ka?" Ban gaya masa ba.

Mako mai zuwa sai rigimar Kawu da Inna kan shanun gado.